Mama Fibi Mai Cika Mota

Duk wanda ya taɓa hawa motar kasuwa daga Kakuri a zamanin da masaƙu ke da rai ya ga Mama Fibi, ko bai san sunanta ba. Ita ce matar nan ta kujera ta biyu, jikin taga, mai ɗankwali ruwan ƙasa, da kwando a cinya an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Idonta kullum a lumshe, kamar mai sauraron waƙar da ake yi a wata unguwa. Kana leƙa motar ka gan ta sai hankalinka ya kwanta, ka ce wannan ta kusa tashi, kuma ta mutanen kirki ce. Sai ka tattare riga ka shiga. To, malam, an kama ka ke nan, domin Mama Fibi ba inda za ta. Zaman nan da ka ga tana yi shi ne sana'arta.

Phoebe aka rubuta mata a takardar baftisma, bakin Kakuri ya mayar da ita Fibi. Ta iso Kaduna a jirgin ƙasa daga Kafanchan a 1979, cikin watan da soja suka miƙa mulki ga farar hula, da goyo a baya da tabarma a ka. Mijinta Sam ta biyo, wanda ya sami aiki a wata masaƙa. Jirgi ya sauke ta a kudancin kogi, a nan kuma ta yi zamanta. Gida, coci, kasuwa, injin niƙa, duk tafiyar ƙafa ce, to me za ta je nema a ƙetaren gada? Sam yakan ce, “Bari a ba mu hutun Kirsimeti, in ɗauke ki ki ga gari.” Kirsimeti takwas suka yi tare a Kakuri, kowacce da abin da ya hana. Kafin ta tara ciwon ƙirji ya tafi da shi, ya bar ta da yara uku da keke marar sarƙa.

Kai, Kakuri ta wancan lokaci! Jiniyar masaƙa na busawa sai titi ya cika da kekuna kamar an fasa gidan tururuwa. Ruwan kwata ma launi yake canzawa, yau shuɗi, gobe ja, gwargwadon rinin da aka yi a ciki. Akwai dogayen motocin kamfani masu kwasar ma'aikata, akwai dogayen bas masu tikitin takarda, waɗanda ke tashi a kan lokaci ko da mutum uku ne a ciki. Ba su yi ƙarko ba. Soja suka dawo, kayan gyara suka yi tsada, aka jingine su ɗaya bayan ɗaya a bayan gareji har kaji suka riƙa saka ƙwai a kujerun. Sai hanya ta koma hannun ƙananan motoci, kiya-kiya da hayis, su kuwa dokarsu ɗaya ce, ba a tashi sai an cika.

A nan gizo ke saƙa. Direba ba ya tashi sai mota ta cika, fasinja kuma ba ya shiga motar da ba kowa. In ya leƙa ya ga kujeru wayam, sai ya ja tsaki ya tafi bakin titi ya tari mai wucewa. Da sassafe da lokacin tashin ma'aikata ba a wannan magana, har ta taga ake shiga. Amma da hantsi ya dubi ludayi sai tasha ta yi tsit, direba ya miƙe ƙafa a kan sitiyari yana korar ƙuda.

Bayan rasuwar Sam dafaffiyar gyaɗa Mama Fibi ke sayarwa a tashar, a gindin wani mangwaro. Wata rana cikin daminar 1988 ruwa ya ɓarke, ta rasa mafaka, ta faɗa cikin wata kiya-kiya da ke kan layi ba kowa a ciki. Ta ɗora kwando a cinya ta lumshe ido don gajiya. Kafin ta buɗe, mata biyu sun shigo sun zauna kusa da ita. Sai wani malamin makaranta da jakarsa. Sai wasu 'yanmata. Motar da ta yi awa guda tana hamma ta cika tun ruwa bai tsagaita ba. Ta miƙe da kunya ta ce ita fa fakewa ta yi, ta ba wani dattijo kujerar. Direban ya bi ta da kallo har ta ɓace. Washegari shi da kansa ya zo ya durƙusa ya ce, “Mama, don Allah ko za ki ƙara fakewa?” Rana kuwa ƙwal, ko alamar hadari babu.

Haka sana'a ta samu. An gwada wasu, ba su yi ba. An zaunar da 'yan kamasho biyu, fasinja suka ga jajayen idanu suka ƙara gaba. An sa wani tsohon maigadi, shi kuma barci ya riƙa kwashe shi har mota ta tashi da shi sau biyu. Ita kuwa Allah ya ba ta fuska, irin wadda uwa ke miƙa wa jariri ba ta tambayi suna ba. Ta kuma san lokacin sauka. In mota ta cika, wani ya iso yana haki, sai ta miƙe a hankali ta ce, “Zo ka zauna, ɗana, ni ba sauri nake ba.” Ya yi ta godiya, mota ta tashi, ita kuma ta zagaya ta shiga wadda ke biye a layi. Kowane direba ya ɗan saka mata abin cefane a kwando. Da wannan ta riƙe yaranta har suka kawo ƙarfi.

Kada ka ce mini yaudara ce, na sani, ita ma ta sani. Mace ce 'yar zumuntar mata a coci, ba ta fashin sujada. Abin da ta riƙe shi ne bakinta bai taɓa faɗin ƙarya ba. In an ce, “Mama, kasuwa za ki?” sai ta ce, “Allah dai ya kai mu lafiya.” Batun ba ta sauri kuwa ai gaskiya ce tsagwaronta. Da wannan take rarrashin zuciyarta ran Lahadi, wani makon zuciyar ta yarda, wani makon ta ƙi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne tafiya take yi. Da zarar ta lumshe ido, inji a kashe, sai ta ji motar ta ɗaga a hankali ta kama hanya. Garin da ke ƙetaren gada da guntayen hirar fasinja ta gina shi, don haka ba irin naka ba ne. A nata garin kogi launi-launi ne irin na kwatar masaƙa, shuɗi ta nan, ja ta can, kadoji kwance a bakin ruwa suna shan hantsi ba ruwansu da kowa. Babbar kasuwa hawa-hawa ce har sama. Layin 'yan atamfa ya fi daga Kakuri zuwa Kudenda tsawo, iska na kaɗa yaduka suna shafar fuskar masu wucewa. Wani lokaci Sam na zaune a gaba kusa da direba. Ba ya juyowa, ƙeyarsa kawai take gani da hularsa, yana nuna mata gine-gine da hannu. Sai kwandasta ya buga jikin mota ya ce saura mutum ɗaya, ta buɗe ido ta ga tasha nan dai inda ta bar ta. Ba ta jin takaici ko kaɗan. Wanda ke zuwa gari sau goma sha biyar a yini, me zai yi da zuwa sau ɗaya?

Daga kujerar nan ta ga komai. Ta ga shekarun wahalar mai, motoci na kwana a layi, 'yan bumburutu na sarauta da galan a bakin titi. Ta ga zuwan 'yan acaɓa masu sace fasinja tun bai ƙaraso tasha ba. Ta ga hayis 'yan Kwatano da rubutun Turawa a jiki, an cusa musu ƙarin benci har gwiwa na taɓa haɓa. Ta kuma ga masaƙu sun fara rage mutane, kekuna na raguwa a titi, zamanta a kowace mota yana ƙara tsawo.

A kujerar nan kuma ta sami Hajara. 'Yar Unguwar Mu'azu ce, mai jiki, mai dariya da ƙarfi. Duk Asabar takan zo ƙofar masaƙa ta sari guntayen atamfa ta kai wa teloli a babbar kasuwa. Ta taɓa tarar mota a bakin titi, waɗanda ta ɗauka fasinja ne ashe ɓarayi ne, suka ƙwace ƙunshinta suka watsar da ita a hanyar Kudenda. Tun daga nan ta rantse ba ta ƙara shiga motar da ba ta yarda da fuskokin ciki ba. Ranar da ta fara ganin Mama Fibi sai ta ce, “Alhamdu lillahi, ga mutuniyar kirki,” ta zauna kusa da ita. Haka aka yi ta yi duk Asabar har shekara goma sha ɗaya.

Ƙawance ne na minti ashirin-ashirin, amma wallahi ya fi na wasu da ke ci a kwano ɗaya. A nan Mama Fibi ta ji haihuwar autan Hajara, da ciwon ƙafar mijinta, da auren babbar 'yarta Hadiza. Da Sallah Hajara ta zo mata da soyayyen nama a leda, da Kirsimeti ita kuma ta fito mata da cincin daga kwando. In lokacin sauka ya yi, Hajara ta hau mita: “Ke dai Fibi kirkinki ya yi yawa, kullum ke ce mai ba da kujera. Yaushe za mu ƙetare gadar nan tare?” Sai ta ce, “Da sauran rana, ƙawata.” Direbobi kuwa suka kama bakinsu, don Hajara ba 'yar unguwa ba ce, kuma abincinsu ne. Sau nawa Mama Fibi ta buɗe baki za ta gaya mata gaskiya! Sai ta dubi fuskar nan mai dariya, ta haɗiye. A duniya ba abin da take tsoron rasawa kamar Hajara da Asabar ɗinta.

Sai ga Asabar ta ƙarshen watan Mayu, 1999, ranar da soja suka sake miƙa mulki. Tun asuba 'yan siyasa suka kwashe duk wata mota mai lafiya, aka liƙa musu tutoci, aka tafi da jama'a wurin rantsarwa. Rediyon mai shayi sai kiɗan badujala yake. Mota ɗaya ta rage a tasha, tsohuwar kiya-kiyar Benson, wadda ko 'yan siyasa da ba sa raina taro suka duba suka ce a bar ta.

Benson ɗan maƙwabciyarta ne, a bayanta ya yi wayo, don ita ke goya shi in uwarsa ta tafi aiki a masaƙa. Yanzu ya tasa, gemu ya fara fito masa, ga sabon aure, ga shi kwana huɗu motarsa na kan dutse a garejin Ifeanyi, makanikin tasha.

Ifeanyi ne ya tare ta tana shigowa, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya rage murya ya ce, “Mama, ki yi wa yaronki magana. Birkin motar nan yoyo yake. Na ce ya jira Litinin in samo kaya a Fanteka, ya ƙi. Ruwan sabulu ya ɗura mata a madadin man birki, wai zai kai shi sawu biyu. Ni dai na faɗa, Allah ya gani.”

Ta sami Benson ta yi masa magana. Ya yi dariya ya ce, “Haba Mama, Oga Ifeanyi ai tsoro gare shi kamar farar kura. A giya ta ɗaya zan lallaɓa ta a gangaren gada. Yau ni kaɗai ne a layi, amma kowa ya leƙo ya gan ta a karkace sai ya wuce wurin 'yan acaɓa. Ki ɗan zauna mini, don Allah.”

Ta zauna. Ka ji fa, ta zauna! Ƙafa ta saba, ita ta kai ta. Ta ce wa ranta yaron ya san motarsa, makanikai kuma akwai ƙarin gishiri. Ta lumshe ido. Motar mafarki ta tashi kamar kullum, ta bi ta gaban masaƙa, ta kama gangare, amma yau ba ta rage gudu ba. Kogi ya taso yana matsowa, ba shuɗi, ba ja, ruwan damina ne mai laka. Kujerar gaba ba kowa. Ta buɗe ido a firgice ta ga mutum tara a motar. Ga wata mai goyo, ga tela da kan kekensa a cinya, ga tsoho da kaji biyu. Kowannensu leƙowa ya yi ya gan ta, ya shigo.

“Ƙawata! Yau gari ba mota, na ce in dai na ga Fibi to an gama.”

Hajara ce. Ta tura ƙunshinta ƙarƙashin kujera, ta zauna da nishi, ta shiga ba da labarin Hadiza na da ciki, jikan fari na tafe. Mama Fibi na jin maganar kamar daga cikin rijiya. In ta sauka yadda ta saba, ta tura Hajara gangaren gada da fuskarta. In ta yi magana, za a tambaye ta yadda fasinja ta san cikin birki, da abin da ya zaunar da ita a motar da ta san halinta.

Mota ta cika. Wani mutum ya iso da gudu da jaka ya tsaya a ƙofa. Lokacin tashinta ke nan. Kwandasta ya dube ta, ba ta motsa ba. Ya yi gyaran murya, ya buga jikin mota. Ta gyara kwandonta ta ƙara jingina.

“Yauwa, yau kam ba kya ba da kujera!” in ji Hajara, ta riƙo hannunta da murna. “Yau sai mun ga gada tare.”

Benson ya riga ya tayar da inji. Ya dube ta ta madubi ya ce, “Mama, ga mai sauri nan.”

“Na gan shi. Ya jira wata.”

“Mama, ki sauka mana.”

“Yau da ni za ka, Benson. Ja mu je.”

Motar ta yi ta karkarwa a tsaye. Fasinja suka fara mita, direba lafiya, me ake jira? Benson ya kai hannu kan giya ya janye. Ya sake duban madubi. Matar da ta goye shi ce zaune ta ƙura masa ido, idon da bai taɓa gani a buɗe haka ba. Ya ce ƙasa-ƙasa, “Mama, ba zan iya ɗaukarki a motar nan ba.”

“Don me?”

Ya kau da kai daga madubi. Ta ɗaga murya.

“Faɗa musu don me. Motar da ba za ka ɗauke ni a ciki ba, da wane ido za ka ɗauki 'ya'yan mutane?”

Ya kashe inji ya kifa kai a sitiyari. “Birki ne,” in ji shi. “Ba ta da birki.”

Kafin ka ce kwabo mota ta watse. Mai goyo na salati, tela na rantsuwa sai ya kai ƙara ƙungiyar direbobi, kajin tsoho na kuka. Hajara ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta saki hannun da ta riƙe ta ce, “Fibi, me ya sa direba ke ce miki ki sauka? Wai ina za ki yau?”

“Ba inda za ni, Hajara. Ban taɓa zuwa ko'ina ba. Biyana ake yi in zauna, mutane su gan ni su shigo. Gadar ma ban taɓa hawanta ba.”

Hajara ta daɗe tana kallonta. Da ma ihu ta yi, da ya fi sauƙi. Can ta ce a hankali, “Yau ma kin san ba birki kika zauna, na leƙo na gan ki na shigo.”

“Na sani.”

“Na gode da raina, Allah ya saka. Amma shekara goma sha ɗaya ina buɗe miki cikina, ashe ke kina bakin aiki ne.”

“Allah ya sani ba haka ba ne, ƙawata.”

Hajara ta jawo ƙunshinta, ba ta yarda an kama mata ba. Ta ɗaga wa ɗan acaɓa hannu, ita da ba ta hawa babur, ta tafi ba ta waiwayo ba. A rediyon mai shayi ana ta harba bindigar ban girma. Mama Fibi ta zauna ita kaɗai a motar ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun jana'izar Sam.

Sana'a ta mutu a ranar. Labari ya zaga Kakuri, fuskar da kowa ya san aikinta kuwa ba ta jan kowa. Direbobi suka yi kwanaki suna gaba da ita. Benson ya fi wata bai iya haɗa ido da ita ba, sannan ya zo gida ya durƙusa ya nemi gafara. 'Ya'yanta suka ce ta huta, ta ƙi, ta kafa teburin kayan miya a bakin tasha. Hajara ba ta ƙara biyowa ta nan ba, ta wata hanya take fita da kayanta. Labarinta dai yana zuwa ta bakin direbobi. An gan ta a kasuwa. Hadiza ta sauka lafiya, namiji. Ta kama shago. Ta ƙara jiki, har da haƙorin Makka.

Bayan shekaru, masaƙu sun rufe, keke mai ƙafa uku ya cika Kakuri, 'yarta Esther ta gaji da ganin yadda take gyara ɗankwali duk Asabar tana duban hanya. Ta ce, “Mama, matar nan ba ta kyauta ba. Kin ceci ranta, ko gaisuwa ba ta taɓa aikowa ba. Har yau fushi take.”

Mama Fibi ta ci gaba da jera tumatir. Idonta ya kawo ruwa, amma murmushi take.

“Ina kewarta, Esther, kamar raina zai fita. Amma bar ta ta yi fushinta,” in ji ta. “Ai mai rai ke fushi.”